Namijin Dare Mai Zuwa da Rana

Saudatu taubashiyata ce, 'yar kawuna, saboda haka tun muna tsirara nake da izinin zaginta, ita ma tana da nawa. A Babban Mutum aka haife mu, gida ɗaya ne ya raba gidajenmu. Kawu manomin gero ne da wake, mutum mai murya kamar ana gangara turmi. Matarsa, Inna Talatu, ita ce mahaifiyar Saudatu, mace mai saurin kuka da saurin yanke hukunci, kuma sau da yawa tare take yin su.

Muna 'yan firamare aka kawo shari'a, don haka mu a cikinta muka yi wayo. Hijabinmu ya sauka daga kafaɗa zuwa gwiwa, na Saudatu kuwa sai da ya share ƙasa. Malama nake kiranta don tsokana. Idan matan aure suka fara irin hirar nan tasu ta rage murya a gidan suna, ni matsawa nake yi kusa, ita kuwa sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ko da ba a ɗora komai ba. Ta yi nisa a hadda, ba ta da tsayawa da samari a bakin zaure, kuma duk uwar da ta so kunyata 'yarta a unguwarmu da Saudatu take misali. Na sha zagi saboda ita, har yau ban yafe ba.

Da muka gama sakandare ni na yi aure a Daura, ita kuma Kawu ya saya mata keken ɗinki. Hannunta yana da kyau, wuyan riga in ta yanka ba ya karkacewa. Ta haura shekara ashirin da haihuwa tana kan keken nan kafin wani malamin firamare mai suna Ja'afaru ya fito neman aurenta. Aka sa rana. A cikin shirin bikin ne wata ƙawarta ta saka lambarta a wani guruf na waya, irin na mata zalla, wanda ake cewa na gyaran amare ne.

Wannan ɓangaren ban san shi a lokacin ba, daga baya ta ba ni labari da bakinta. Da farko abin da ake turowa bai wuce yadda ake haɗa tsumi da gumba da dilka da turaren tsuguno ba. Sai aka fara turo murya, manyan mata suna bayani dalla-dalla. Sai wata rana aka turo bidiyo, an rubuta a ƙasansa wai don amare su koya, kada a je a ba da mata kunya. Saudatu ta ce ta buɗe, ta kife wayar a kan katifa, ta yi a'uziyya. Bayan la'asar ta sake buɗewa.

Auren Ja'afaru bai yiwu ba. Ya tafi Kano ƙaro karatu, waya ta fara raguwa, daga ƙarshe danginsa suka aiko a ba su haƙuri. Mutane suka yi ta jajanta mata, ita kuma ta koma kan kekenta. Amma ba ta fita daga guruf ɗin ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne nake jin ciwonsu idan na tuna, don ina zuwa gida ina samunta, muna dariya, ban ga komai ba. Lokacinta bayan azahar ne, idan an ci abinci gida ya yi tsit, Kawu yana gindin dalbejiya, Inna ta miƙe a tabarma. Sai keke ya yi shiru, ta saki labule, ta toshe kunne da abin sauraro. In ta gama ta ɗauki buta da bokiti, ta yi wanka, ta yi sallah tana kuka, ta goge komai, ta yi wa Allah alkawari. Wani alkawarin yakan kai mako, wani ba ya kai gobe. Da azumi takan daina gaba ɗaya har ta ce ta warke, kafin lallen sallah ya goge a hannunta ta koma. Ta taɓa cire memorin wayar ta jefa a masai. Ta fita daga guruf ɗin ma daga baya, sai dai a lokacin ta riga ta koyi hanyar da za ta nemo abin da kanta, ba ta buƙatar kowa ya turo mata.

Abin da ta riƙe shi ne aure. Ta ce a ranta wannan duk zaman kaɗaici ne ya jawo, ranar da ta shiga ɗakin miji shi ke nan.

Mijin ya zo, Munzali, ɗan cikin garin Daura, gidansu ba nisa da rijiyar Kusugu. Fataucin dabbobi yake yi, ya tara shanu da raguna a kasuwannin kan iyaka ya bi tirela da su zuwa kudu, ya yi makonni kafin ya dawo. Zan faɗi gaskiya a kansa, don ba na son a ɗauka mugu ne. Munzali mutumin kirki ne har abin ya yi yawa. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba, ga manja ga kwakwa ga atamfa. Shi ya ɗauko kekenta daga Babban Mutum a kan babur, ya gyara mata rumfa a tsakar gida. Idan na je gidan, da ƙyar yake ɗaga ido ya amsa gaisuwata. Saudatu ta so shi, so na gaske. Idan ta ji ƙarar babur ɗinsa fuskarta canzawa take yi, na gani da idona na kuma tsokane ta a kai.

Amma abin da ta jira shekara da shekaru bai zo yadda ta zata ba. Yadda ta kwatanta min shi ne, Munzali yakan zo mata kamar mai cin tuwo a tsaye mota tana jiransa. Ba magana, ba tambaya, in ya gama ya yi hamdala ya juya. Ba rashin so ba ne, haka ya ɗauka ake yi, kuma a ganinsa yin magana a wannan wuri rashin kunya ne ga mace mai hadda. Ita kuma ba ta wanke kanta ba. Ta ce ko ranar da ya ɗan saki jiki, hankalinta ba ya wurin, idonta ya riga ya saba da abin da babu mijin da zai iya yi, zuciyarta tana can tana jero hotuna. In ya tafi kudu, bayan azahar tana nan tana jiranta. In ya dawo, kunyarsa take ji kamar ta nutse, kunyar kuma sai ta fito a matsayin faɗa. Ta fara juya masa baya, yau ciwon kai gobe ciwon mara. Magana kaɗan ta hau shi da tsawa, in ya fita ta zauna ta yi kuka.

Ya yi haƙuri har ya gaji. Bai zage ta ba, bai rubuta komai ba. Ya ɗauke ta a babur ya kai ta gida, ya durƙusa gaban Kawu ya ce a tambaye ta in akwai laifin da ya yi mata, a faɗa masa ya gyara, in kuma ba ta son zaman ne ba zai riƙe ta dole ba. Duk wanda ya san irin wannan magana ya san aure ya kai bakin rami.

Inna Talatu ta shigar da ita ɗaki ta saki labule.

"Ba ya ba ki ci da sha ne?"

"Yana ba ni, Inna."

"Sutura fa? Yana dukanki? Danginsa ne?"

"Babu ko ɗaya."

"To don ubanki mene ne? So kike ki dawo min gida ki zauna, bayan duk jiran da muka yi?"

A nan ne Saudatu ta yanke shawarar faɗin gaskiya, karo na farko a rayuwarta. Sai dai da wace kalma? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Inna, akwai wani abu da yake zuwar min in ina ni kaɗai. Tun kafin aure ne. In ya zo ba na iya hana kaina. In ya wuce sai na yi wanka. Shi ya sa ba na iya haɗa ido da maigidan."

Inna ta saki salati, ta tafa hannu, ta dafe ƙirji.

"Namijin dare! Wayyo ni Talatu, namijin dare ne! Shi ya kori Ja'afaru, wallahi shi ne. Na faɗa wa babanki tun lokacin, wannan fasa auren ba banza ba."

"Inna, ai da rana ne yake…"

"Rufe min baki, su aljanu agogo gare su? Ya aure ki ne, yana kishi da mijinki. Ashe abin da kike fama da shi ke nan, 'yar nan, kika yi shiru?"

Sai ta jawo ta jikinta ta rungume tana kuka. Saudatu ta ce ta shiga ɗakin nan tana jiran mari da tsinuwa, sai ga ta a ƙirjin uwarta ana shafa mata kai. Sauran maganar tana nan a bakinta, kalma kaɗan ce ta rage. Ta haɗiye ta.

Ni ban musanta aljanu ba, Allah ya ambace su a littafinsa. Abin da yake ba ni haushi shi ne, muna da suna tsaf ga aljanin da ke kwana da mace, kowace tsohuwa ta san alamominsa tana iya lissafa maka su tana tankaɗe, amma abin da mace take ji a jikinta ita da kanta, ba mu da kalmar da za ta faɗe shi gaban uwarta ta tashi da mutuncinta. Mai aljani abar tausayi ce, a kai ta magani. Ɗayar kuwa sunanta 'yar iska, ko da daga ɗakinta ba ta taɓa leƙa zaure ba.

Munzali da ya ji, sai ka ce an sauke masa buhu daga ka. Ashe ba ƙinsa take yi ba. Ya mayar da ita Daura a ranar, ya fasa tafiyar da ya shirya, alhali lokacin ragunan layya ne, lokacin da ɗan fatauci yake samun abin shekara. Ya nemo Malam Maharazu, mai ruƙiyya a wata unguwa ta bayan kasuwa, dattijo mai tsoron Allah wanda ba ya taɓa mace sai da muharraminta a wurin. Ni aka ce in riƙa raka su, aikina in riƙe mata hijabi kada ya yaye in aljanin ya tashi.

Da hantsi muke zuwa. Ɗaki ne mai faɗi da tabarmi, ƙamshin habbatus sauda da ganyen magarya ya kama bango. Malam ya zauna a gefenta ya yi ta karatu da ƙarfi kusa da kunnenta, Munzali yana riƙe da kafaɗunta. A ɗaya gefen ana jiran layi, wasu matan tun kafin a zo kansu sun fara birgima da ihu. Tamu kuwa shiru, sai hawaye. Muka koma washegari, muka sake komawa. Malam ya ce wannan mai taurin kai ne, irin waɗanda suka daɗe a jiki. Aka ƙara ruwan tofi, aka ƙara hayaƙi. Abokan Munzali suka loda tirela suka tafi suka bar shi. Ya rame, idonsa ya faɗa, ya fara azumin nafila saboda ita. Kullum in mun fito sai ya ce mata, "Sannu, ki yi haƙuri, zai fita da izinin Allah." Na lura duk lokacin da ya faɗi haka sai ta runtse ido kamar an taka mata ƙafa.

Ranar da abin ya faru, Malam ya daɗe yana karatu har muryarsa ta dushe. Ya tsaya, ya daka tsawa.

"Yi magana, ya kai wanda ke cikin wannan baiwar Allah! Wane ne kai?"

Sai wata murya mai kauri ta fito daga ƙarƙashin hijabin.

"Ba ni da suna."

Tsigar jikin kowa ta tashi, ban da tawa. Ni na san muryar nan. Da ita take kwaikwayon Kawu muna yara, in ya tafi gona, ta sa hularsa ta yi ta ba mu umarni muna faɗuwa don dariya.

"A ina ka shige ta? A banɗaki? A bakin rijiya?"

"A waya."

Malam ya ce, "Me kake yi mata?"

"Ina nuna mata abin da bai halatta ta gani ba. Maza da mata, tsirara. Ba ni nake zuwa ba, ita take nemana. Da hannunta take buɗe min. Ta yi ta tuba tana komawa, ta gaji, ba ta san wanda za ta faɗa wa ba."

"Don me kake raba ta da mijinta?"

"Ba na raba su. Tana sonsa, wallahi tana sonsa." Muryar ta fara karyewa, kaurin yana zubewa, tata tana leƙowa. "Kunyarsa take ji. Shi kuma ba ya yi mata magana. Bai taɓa tambayarta ko ita ma ta samu natsuwa ba. Ya riƙa jiranta. Ya karɓe wayar ya ajiye a wurinsa. Ya tambaye ta, in ya tambaye ta da kansa za ta faɗa masa komai, ya taimake ta…"

"Ƙarya kake yi, la'ananne!"

Malam ya watsa mata ruwan tofi a fuska. Ya juya wurin Munzali, wanda ya sunkuyar da kai gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Kada ka saurare shi, ɗana. Aljani maƙaryaci ne, haka suke yi in wuta ta ci su. Ya ga zai fita, shi ne yake son ya ɓata mata suna ya bar muku gaba a gida. Yarinya mai Alƙur'ani a ka? Kai ma ka san ba zai yiwu ba."

Ban ga laifin Malam ba, har ga Allah. Rufa mata asiri yake yi iya saninsa, a ɗakin da ke cike da kunnuwan mata. Amma na so in yi ihu. Ya ci gaba da karatu, ya umarci aljanin ya fita ta babban yatsan ƙafar hagu kada ya sake dawowa. Sannan na ga yatsan ya motsa, ta yi atishawa, ta sulale jikina. Ɗakin ya ɗauki kabbara.

Washegari aka toya waina aka raba sadaka. Inna Talatu ta zo daga Babban Mutum da zabi biyu a kwando, mata suna ta shigowa barka. Na bar su a tsakar gida na same ta a madafa tana wanke tanda. Na ce, "Malama, yaushe Kawu ya zama aljani?" Na zaci za ta yi dariya ko ta zage ni. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ba ni duk labarin da na ba ku, tun daga guruf ɗin har zuwa ɗakin Inna. Na riƙe ta muka yi kuka tare. Na ce mata magana ɗaya ce, abin da ta faɗa da muryar aro ta faɗa masa da tata, su biyu, ba malam ba jama'a. Mutumin da ya bar kasuwar layya saboda ita zai iya ɗaukar wannan. Ta ce za ta gwada.

Yau suna nan tare, da 'yarsu ɗaya. Ta daina yi masa tsawa, ta daina ciwon kai, duk abin da ya zo da shi tana karɓa da fuska a sake. Ɗinkinta ya yi suna, amare har daga ƙauyuka suke kawo mata. A unguwa an san ta da wadda aka cire wa namijin dare, iyaye mata sukan zo da 'ya'yansu da aure ya ƙi su tambaye ta wane malami ne, ita kuma ta kwatanta musu gidan. Ni kaɗai na san in na je da rana tsaka na ga labule a sake, keke shiru, sai in tsaya a zaure in yi ta sallama da ƙarfi har ta amsa. Wani lokacin takan yi wata da watanni lafiya. Wani lokacin in ta fito ba ta iya kallona.

Na daɗe ban tambaye ta ba, don ina tsoron amsar. Sai wata rana ina zaune tana yi wa wata riga kalmasa, na ce, "Wai kin gwada kuwa?"

Ta ce ta gwada, tun a makon da aka gama ruƙiyyar. Ranar da zai koma kudu, ya gama ɗaure jakarsa yana zaune bakin gado yana sa takalmi. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Maigida, maganar nan da aka yi a wurin Malam, ta waya…"

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya kama hannunta biyu, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya dube ta da idon nan nasa mai tausayi.

"Saudatu, kada ki sake tuna wannan. Wallahi ko kalma ɗaya ban yarda da ita ba, ko a mafarki. Na san wadda na aura. Da a ce gaskiya ne, ai da ba zan iya sake kallon fuskarki ba."

Na ce, "Ke kuma me kika ce?"

Ta cire zaren da ke bakinta, ta ɗora ƙafa a kan keke.

"Na ce masa na gode."